Harbin Da Ba Wanda Ya Ji

Litinin, 2 ga Oktoba

Kaya ya iso. Direban da ke kawo mini fitilu da wuƙaƙe nan kasuwar Kulob ya zaro shi daga cikin takalmin ruwa yana ta waige-waige. Baƙin bututun ƙarfe ne, ana murɗa shi a bakin bindiga ya shanye ƙara. Takarda babu, ni ma ban tambaya ba. Bahrom, dillalin motoci na Dushanbe, ya daɗe yana damuna in samo masa. Na ma shirya masa zaƙin baki: kunne ya huta, kafaɗa ta huta, dabba ba ta san ta inda ajali ya ɓullo ba. Rabi gaskiya ne. Sai dai ba na sayar da abin da ban gwada ba, don in san iyakar ƙaryar da zai iya ɗauka.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Ƙanwata Mohira ta aiko daga ƙauye: aladun daji sun cinye musu rabin masara. Jibi za a yi kora. Mijinta Shodmon ne gaban masu kora da karnuka da gwangwanaye, ni kuma a kan dutse, tunda bindigata ta fi ta kowa. Ga wurin gwaji a banza. Bututu a aljihu, ba mai gani.

Asabar, 7 ga Oktoba

Shodmon na asibiti. 

Lahadi, 8 ga Oktoba

Bari in rubuta ko na samu barci.

Kafin mu tashi, Amak Safar, tsohon da ke shugabantar farauta, ya maimaita karatunsa na kullum: da an ji harbi kowa ya tsaya, ya haye dutse ko itace, sai maharbi ya yi kira. Don alade in ya ji ciwo, hanyar da ya fito yake komawa, kan masu kora. Tun ina yaro nake jin wannan, har ya zame mini kamar kukan zakara. Shodmon ma ya tsokane ni, wai ɗan kasuwa ya kula kada ya tsaya taya alade.

Na hau dutsena, na murɗa abin. Ƙaton namiji ya fito daga cikin ƙaya, haure kamar lauje. Na saki. Tas, kamar an karya busasshen reshe. Wallahi abin da ya fara zuwa raina shi ne Bahrom zai biya ninki. Aladen ya durƙusa, ya miƙe, ya juya ƙasa. A lokacin na lura gwangwanaye ba su daina ba. Ga rafi na ruri, ga karnuka. Ba wanda ya tsaya. Na buɗe baki zan yi ihu, Shodmon ya riga ni.

Aladen ya farke shi daga gwiwa zuwa cinya, ya wuce. Kafin in sauka sai da na kwance bututun na mayar aljihu. Wannan ma na rubuta.

Talata, 10 ga Oktoba

Ba wanda ya ji harbi, saboda haka ba a yi harbi ba. A ɗakin shayi an yanke hukunci: tsoro ne ya kama ni, ni Nazar, na ƙame da bindiga a hannu. Wani ya ce da kuɗin somoni ne ya gifta da ban bari ya wuce ba. Na taya su dariya. A kira ni matsoraci ya fi mini araha.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Ƙafar Shodmon ta kumbura, tana wari. Likita na magana ba ya kallon mutum.

Mohira ta ce jibi za ta shiga kwarin da gonarsu take, tare da matan maƙwabta, su karya sauran masara. Amak Safar ya ba su izini, wai aladen da aka kora lafiyarsa ƙalau ya yi nisa. Da mai rauni ne, da an rufe kwarin sai an ga gawarsa. Haka ake yi. Mai rauni ba ya nisa, kwanciya yake a duhuwa yana jiran duk abin da ya motsa.

Na ce ta dakata mako guda. Ta ce, "Aka," wato yaya, "me za mu ci da sanyi? Kai da ka kasa harbi, bar ni in yi abin da na iya."

Duk bakin nan nawa da ke sayar wa mai sanƙo mataji, sai na bar ta a kan shirinta na fita.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Da hantsi na ja karen Shodmon na shiga kwarin ni kaɗai. Yana nan kwance a bakin gonar, daidai inda mata ke ajiye tulun ruwa. Ya taso. Bindiga tsirara na harba, duwatsu suka amsa, har yanzu kunnena na ƙugi.

Duk ƙauye ya fito. Amak Safar ya juya gawar da sanda, ya ga rami biyu, na kafaɗa har ya yi tsutsa. Ya tambaya na wane ne. Na ce wataƙila maharban ƙauyen gaba. Ya ce wataƙila. Bai ba ni hannu ba.

Litinin, 16 ga Oktoba

Sun yanke ƙafar, daga saman gwiwa.

Laraba, 18 ga Oktoba

Na kai wa Shodmon inabi da burodi. Mohira ta fita neman ruwan zafi, sai ya jawo hannun rigata.

"Nazar, ka harba, ko? Da yana kaina jininsa ya zubo mini a fuska. Ni ne ban ji ba. Kunnen nan ya daɗe yana cin amanata." Ya ce don Allah kada Mohira ta sani, kada a ce kurma ya ja mutane cikin daji. Har haƙuri ya ba ni, wai ya bari ana kirana matsoraci.

Tunda nake ciniki ba a taɓa miƙo mini riba irin wannan ba. Kai kawai zan gyaɗa.

Na ce masa, "Kunnenka lafiya lau yake." Na ciro abin na ɗora a kan bargo, wajen da babu ƙafa. Ya daɗe yana juya shi. Ya leƙa ramin kamar mai duba ƙwai. Ya tambaya ko da tsada. Daga nan ya juya fuska bango.

Lahadi, 22 ga Oktoba

Ina ƙauye tun Alhamis. Kasuwa ba ta ci a wannan watan, shi ya sa na rufe shago, ba wani abu ba. Masara ta kusa ƙarewa, tafin hannuna duk ya sale. Mohira na ajiye mini shayi a bakin ƙofa ta koma ciki. Ta daina ce mini aka. Ba ta kuma ce in tafi ba.

Bahrom ya kira. Na ce kayan ya lalace. Ya ce ko a haka zai saya. Na ce layi ba kyau.

Shodmon zai dawo gida da sanduna, kuma matakalar ƙofarsu ta yi tsayi. Na samo katako. Ban iya aikin kafinta ba, ƙusa uku na lanƙwasa yau. Guduma dai tana da ƙara, duk unguwa na ji.