Kwanukan Kirsimeti Sun Dawo a Rufe

Inna Zaratu, don Allah ki taimake ni, kaina ya kusa juyewa. Ni Kirista ce, muna haya a Zangon Kumasi ni da maigidana. Shinkafa da wake nake sayarwa a ƙofar gida, duk layinmu a wurina ake karin kumallo. Kowace Kirsimeti mukan sayi akuya, Malam Awalu, dattijon gidanmu, ya yanka mana a tsakar gida don maƙwabta Musulmi su samu ci. Bana ya tafi Salaga fataucin goro, sai maigida ya kai ta wurin wani mahauci Musulmi a Adum, ya dawo da naman cikin kwando. Na dafa, na aika ɗaki-ɗaki. Inna, kwanukan nan kaf suka dawo a rufe, ko loma ba a taɓa ba.

Tun ranar ba mai tsayawa gabana, wai tukunyata ta dafa haram. Wa ya ƙaga? Ni dai Adizatu nake zargi, wadda muke murhu ɗaya, wadda na riƙe ranar naƙudarta. Yanzu da na shigo sai ta yi tsit, ga ƙanwarta kuma ta kafa tukunyar shinkafa a bakin famfo tana sayarwa. Haka kawai? Har Ubangiji na fara tuhuma a raina. Ban cuci kowa ba, ina adalcinsa? An kwatanta mini wani boka mai tonon asiri a Moshi Zango. In je?

Mai Tukunya, Zango

'Yata, kada ki je. Boka zai ba ki suna ko da babu mai laifi, don abin da kika je nema ke nan.

An cuce ki, ban musa ba. Ayuba ma ya yi wa Allah irin tambayarki, Allah kuwa bai yashe shi ba. Adalcinsa yana nan, amma bai ɗora miki aikin farautar mai laifi ba.

Yanzu dubi ɗaya gefen. Shekara da shekaru maƙwabtanki suna ganin wuƙar Malam da idonsu, bana kwando suka gani. Kin gaya wa wani inda aka yanka? Mai tsoron cin haram ba lalle maƙiyinki ba ne. Wataƙila Adizatu ce ta yaɗa, wataƙila kuma kunyar kwanon da ta mayar ce ta ɗaure mata baki. Ban sani ba, ke ma ba ki sani ba.

In Malam ya dawo, maigidanki ya kai shi wurin mahaucin nan, ya ji da kunnensa. Ista ta kusa, ku sayi ko zakara ne, Malam ya yanka a tsakar gida kowa na gani, ki miƙa wa Adizatu ta fige. In ta karɓa, kin sami 'yar'uwarki, ciniki zai biyo baya. In ta ƙi, ki bar ta da Almasihu, shi ma an yi masa shaidar zur, ya san zafinta.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya sa kwanukanki su dawo babu komai a ciki.

Innarki, Zaratu