Kwana Goman Tunku

Sule Tankarkar, Litinin

Aikin farko yau: ɗaure Tunku a gindin darbejiya.

Yaya Haulatu, assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigida da yara. Iya ma tana gaisuwa.

Jiya karenmu Tunku ya ciji Baba Cindo, abokin farautar marigayi Baba, a hannu. Ya zo gaida Iya, ya dafa shi ta baya, shi ke nan. Na wanke masa ciwon da sabulu, na kai shi asibiti.

Tun bayan damina karen nan ya canza. Yana tsayawa gaban katanga ya zuba mata ido. Yana shiga lungun rumbu ya kasa juyowa, sai na ja shi. Yana fitsari inda yake kwana. Ranar Asabar ya yi mini haushi a ƙofar gida kamar baƙo. Mata suna cewa aljanu yake gani, maza suna cewa hauka ne. Mai unguwa ya ce ranar Juma'a bayan masallaci za a kashe shi.

Ban san gaskiya ba. In hauka ne na bar shi, na cuci mutane. In ba hauka ba ne na ba da shi, karen Baba ne, shi kaɗai ya rage cikin abin da ya bari. Iya ta ƙi cin tuwo. Don Allah ki tambayar mini likitan dabbobi a nan Gumel.

Ƙaninki, Abdulganiyu

Gumel, Laraba

Abdulganiyu, wa alaikumus salam.

Waya tana aljihunka amma sai ka cika takarda ka ba direba. Ba ka canza ba.

Na je. Likitan ya ce da farko Baba Cindo ya karɓi allurar rigakafi, kada ya tsallake ko ɗaya, kada ya jira komai. Karen kuma a killace shi kwana goma, kada kowa ya matso. In hauka ne ba zai kai ƙarshensu ba. Ya yi magana da mai unguwa ta waya, ya yarda a jira.

Da na faɗi shekarun Tunku sai ya ce karnuka ma suna ruɗewa da tsufa, kamar mutane, kuma ba ya warkewa, sai lallashi. Kada a sauya masa wurin ci da wurin kwana. A zo masa ta gaba, a kira sunansa kafin a taɓa shi. Ya tambaya ko an canza wani abu a gidan. Na ce kai za ka sani, tunda ko kaza ta yi tari sai ka rubuta.

Ka ce wa Iya ta ci abinci, in ba haka ba zan zo da kaina.

Yayarka, Haulatu

Sule Tankarkar, Lahadi

Yaya, barka da war haka.

An canza. Da ruwa ya ci katangar gabas na toshe tsohuwar ƙofar garke, na buɗe wata ta kudu. Inda yake tsayawa, nan ƙofar take a da. Jira yake a buɗe masa ya bi tumaki.

Na faɗa wa mutane a dandali. Ilu mahauci ya ce, “Malam, kare ka karanta a sakandare?” Aka yi dariya. Ba su yarda ba. Shekaranjiya an jefo nama ta kan katanga, Iya ce ta riga shi gani, na binne don ina zargin da guba a ciki. Yanzu a bakin darbejiyar nake shimfiɗa tabarma.

Yana shan ruwa, yana cin tuwo in na jiƙa masa. Amma jiya yawu ya zubo masa kamar na mahaukacin kare. Haƙoransa sun lalace, wataƙila shi ne. Wataƙila kuma ni ne nake ganin abin da nake so in gani. Matar Baba Cindo ba ta amsa gaisuwata.

Ki sa mu a addu'a.

Abdulganiyu

Gumel, Litinin

Abdulganiyu,

Likita ya ce ka ci gaba da lura, kada ka sa hannu a bakinsa. In ya daina sha ko ya fara cizon igiya, kada ka yi gardama da kowa, ka ba da shi. Wannan ni ma na faɗa maka.

Maigida ya ce in sun matsa a kawo shi nan. Likita ya ce sabon wuri zai ƙarasa rikita shi. Zaɓi naka ne.

Haulatu

Sule Tankarkar, Alhamis

Yaya, assalamu alaikum.

Kwanakin sun cika jiya. Yana raye, ya cinye tuwonsa.

Da hantsi mai unguwa ya zo da mutane, biyu da gora. Baba Cindo ya ce a ba shi wuri. Ya tsuguna gaban Tunku, ya yi masa fiton da suke yi a daji. Tunku ya kalle shi, ya mayar da kai katanga. Baba Cindo ya daɗe a tsugune. Da ya miƙe ya ce, “Hannuna ne aka ciza, na yafe. Ku kai gorarku gida.”

Mai unguwa ya yanke: zai zauna, amma ranar da aka gan shi a waje ba za a sake neman izinina ba. Na amsa. Ban san ko zan iya ba, don yanzu duk ƙofar da ya gani a buɗe bi yake, kuma ba ya gane hanyar dawowa. Ba zan kawo shi Gumel ba.

A gaida maigida. Allah Ya saka.

Abdulganiyu

Na gobe:
Sayen zana, a kewaye darbejiya.
Toshe lungun rumbu.
Raka Baba Cindo allurar da ta rage.
Sakata a ƙofar zaure, sama, inda yara ba za su kai ba.
Roƙon Ilu ƙashi mai laushi, in zai sayar mini.