Rijiyar da ke Cikin Littattafan Ishbel

Daga Glasgow, ƙasar Scotland

Zuwa ga Kakana, Malam Badaru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Tunda ka ce ba ka ji sosai a waya, ga takarda.

Kaka, binciken digirina a kan wata tsohuwar mawaƙiya ne ta ƙasar nan, Ishbel. Littafi bakwai ta wallafa, duk a kan teku da masunta da tsibirin iyayenta. Amma a kowane littafi akwai waƙa guda da ba ta dace da sauran ba: jar ƙasa, gonar gyaɗa, da wata mata mai awarwaro uku da ta shiga rijiya da tsakar rana ba ta fito ba. Masana suna cewa ƙirƙira ce.

Na je gidan kula da tsofaffi inda take. Ta ruɗe, ko 'yarta ba ta ganewa. Tana ganina ta kama hannuna, ta ce da Hausa tsantsa, "Aina'u, kin fito?" 'Yarta ta rantse ba ta taɓa jin yaren a bakinta ba. Abin da ta sani kawai, a ƙasar Kano aka haifi uwarta, inda mahaifin Ishbel ɗin ya yi aikin gona kafin 'yancin kai.

Ba Aina'u ce yayarka da ba a ambaton ta a gida ba?

Jikarka,
Khaulat

Daga Zakirai

Zuwa ga amaryata Khaulatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya yi miki albarka. Takardarki ta iske ni a gindin ɗorawa ana sussukar gero. Na karanta, na sake karantawa.

Ita ce. Ina shekara takwas aka kai ta raino gidan Baturen gona a wajen Bagwai. Ba ta shekara ba direbansa ya zo da akwatinta, ya ce ta gudu da wani mai gyaran keke. Mahaifinmu ya hana a kira sunanta. Inna kuwa har ta rasu tana zuba tuwo a kwano ɗaya fiye da yawanmu. Awarwaro ukun na Inna ne, ita ta sa mata su ranar tafiya.

Kamar da kuke yi da Aina'u ta daɗe tana ba ni tsoro, ban dai faɗa miki ba.

Ki koma, ki tambayi Ishbel inda rijiyar take. Ki yi addu'a kafin ki shiga.

Kakanki,
Badaru

Daga Glasgow

Kaka,

Ina gaisuwa. Na koma ranar Laraba da hantsi. Na fara karanta mata waƙar da Turanci, ta tsayar da ni, ta ƙarasa da Hausa. Kuma muryar ba tata ba ce, Kaka. Murya ce ta budurwa, irin maganar mutanenmu.

Ta ce, "Bayan rumbun siminti, tsakanin kuka biyu. An ɗora dutse. Akwai sanyi a nan." Sai ta dube ni ta ce, "Ki gaya wa Ɗan-auta na ga ya tsufa."

Wa ake kira Ɗan-auta? Na fito, mai jinya ta ba ni ruwa. 'Yarta ta kawo mini littafin uwarta na farko, na shekara hamsin da suka wuce. A shafin sadaukarwa an rubuta: ga wadda na bari a ƙasa.

Ina jin tsoro, amma zan jira umarninka. A gaida mutan gida.

Khaulat

Daga Zakirai

Khaulatu,

Aminci ya tabbata a gare ki. Ni ne Ɗan-auta. Ita kaɗai take kirana haka.

Mun je Bagwai da kawunki Sama'ilu da liman. Wurin ya zama gonar wani bawan Allah, ya ce shanunsa ba su taɓa yarda su bi ta tsakanin kukokin nan ba. Da izinin dagaci da hukuma aka ɗaga dutsen, maginan rijiya suka yi kwana biyu suna kwashe ƙasa. Mun same ta, da awarwaronta a hannu. Mun yi mata sallah jiya, mun kwantar da ita kusa da Inna. Na tsaya a gaban jama'a na faɗi sunanta da ƙarfi, na ce ba guduwa ta yi ba.

Ki gaya wa baiwar Allah nan ba ma riƙe da ita, yarinya ce a lokacin.

Sai dai abu ɗaya. Ƙasusuwan ba na mutum ɗaya ba ne. A ƙirjin Aina'u akwai na ƙaramin yaro, ta rungume shi, da takalmin Turawa a ƙafarsa. Mun rasa yadda za mu raba su, sai muka haɗa su a likkafani ɗaya.

In kin sami Ishbel a hayyacinta, ki tambaye ta su nawa ne a wurin mahaifinsu. In kuma da muryar nan ta amsa, kada ki tambayi komai. Ki yi sallama ki fito.

Allah Ya tsare ki.
Badaru