Hotona ya fito a jikin butar shayi

Salamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara kafin in aikata abin da zan yi nadama, don wallahi raina a ɓace yake.

Ni matar aure ce a Hayin Banki, sai da na haifi yara huɗu sannan na shiga makarantar manya na koyi karatu da rubutu, ba na kunyar faɗi. Sana'ata ɗaukar hoton kaya ga mata masu sayarwa a waya, turaren wuta, humra, atamfa, kayan kicin. Ba ni da situdiyo, kwalin firij ne na yanke na liƙa farar takarda a ciki, in ɗora a kan teburin guga kusa da taga, in rataya farin mayafi ya tace rana, murfin tukunya kuma ya mayar min da haske ɗaya gefen. Mijina malami ne, yana koyar da Alƙur'ani, da ƙyar ya yarda, kuma da sharaɗi ɗaya: kaya kawai, ban da hoton mai rai.

To wata Hajiya mai shagon kayan kicin a Kawo ta aiko min da butocin shayi na silba, masu ƙyalli kamar madubi. Ranar ana zafi, babu wuta, ni kaɗai a ɗakina, ɗaurin ƙirji ne a jikina, kaina ba ɗankwali. Na ɗauka, ya yi kyau, na tura mata. Bayan kwana uku maƙwabciyata Maman Blessing, malamar firamare ce, ta shigo da wayarta ta ce in zauna tukun. Ta buɗa hoton da yatsa biyu, sai ga ni a cikin butar, kafaɗu a waje, kitsona a fili, har tabon goshina.

A ranar na huda baƙin zane na ɓuya a bayansa, na leƙo da idon wayar kaɗai ta hujin, na sake ɗauka na tura wa Hajiya, na roƙe ta ta cire na farkon. Ta ce sabon bai da ƙyalli, wancan ne ke kawo mata ciniki, kuma masu sari a wajenta duk sun ɗora a shafukansu. Na kira ta sau uku ina lallashi. A na ukun ta yi dariya, wai wa zai tsaya leƙen buta, wai da na yi boko da wuri da na san ana duba hoto kafin a tura. Ni za ta gaya wa haka? Na yarda kuskurena ne ban duba ba, amma ita mace ce, ta san abin da take yaɗawa, da 'yarta ce a jikin butar da ko awa ɗaya bai yi a waya ba. Na faɗa mata haka, ta kashe wayar.

Malam bai sani ba har yanzu. In ya ji daga bakin iyayen ɗalibansa, na san kwalin nan a bola zai kwana, kuma sana'ar nan ita ce abu na farko da na koya da kaina har mutane ke nemana saboda ita. Zuciyata tana ce min in je shagon in tsaya a gaban masu sayayya har sai ta goge a idona, amma in na yi haka duk Kawo za su je neman butar su leƙa.

Yau da safe ƙanwar Malam ta turo min hoton nan na farko, wai irin butar take so a kayan ɗakin 'yarta, tana tambaya ko ni na ɗauka. Ban amsa ba, kuma ta ga na buɗe saƙon. In riga kowa faɗa wa Malam da bakina, ko in fara da Hajiya? Ita kuma ƙanwar tasa me zan ce mata?