Za Mu Sauko da Gidan Daga Tudu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Mappiare, a gonar kwakwar manja ta Sabah, can ƙasar Malesiya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Rabiah da yaran. Allah Ya ƙara maka ƙarfin jiki, Ya tsare ka daga maciji da kaifin lauje. Mu nan da sauƙi. Gwiwata tana nan yadda ka bar ta. Kanumfari bai yi ba bana, ruwa ya yi masa yawa. Tsohon liman ya rasu bayan Sallar layya, sai ka yi masa addu'a. Ka yi haƙuri da karkataccen rubutu, da hannuna na yi, don wadda ta saba rubuta mini ba ta yi mini magana yanzu.

Na san kana ta kira ba ka samunmu. Ba mutuwa muka yi ba, yanke mu aka yi. Ka san tun da daɗewa muke roƙon kamfanin nan ya kawo mana sabis, suna cewa ba mu da yawa, masunta ne kawai da tsofaffi. Shi ya sa ƙanwarka Nurbaya da matan ƙungiyar garinmu suka kafa farantin intanet ɗin nan a kan rufinmu, tunda gidanmu ya fi kowanne tudu, suka ja waya gida-gida. Da shi nake ganin fuskarka. Da shi masu kwale-kwale ke jin labarin iska kafin su shiga teku. To, tun da aka fara gina tashar jiragen ruwa a bakin gaɓarmu, sai kamfani ya tuna cewa mu mutane ne.

Sun zo su biyu a mota ɗaya, ɗan kamfani da jami'in gwamnati daga Makassar, da 'yan sanda a bayansu. Jami'in ya ce an yi sabuwar doka a Jakarta, ba mai raba wa jama'a intanet sai mai lasisi. Nurbaya ta ce to a ba ta lasisin. Ya ce lasisi ba na irinku ba ne, sai mai ofis da injiniyoyi. Ta ce wa ya rubuta dokar? Mappiare, kafin ya ba ta amsa sai da ya juya ya kalli ɗan kamfanin, kamar yaron da ke neman izinin fita fitsari. Ɗan kamfanin ya yi dariya ya ce ai tare aka zauna, an nemi shawararsu a matsayin masana. Ni ban yi makaranta ba, amma hular da ke kan jami'in na ga tambarin kamfani a jikinta. Na ce masa, Malam, albashin naka ma tare kuke zama a kansa? Dagaci ya ce Inna, don Allah ki yi shiru. Na ce a gidana? Suka kwance farantin, suka naɗe wayoyin, suka tafi da Nurbaya caji-ofis a Barru. Sai yamma suka sake ta, amma magana tana kotu, kuma lauyan ƙungiya ya ce irin wannan ɗauri ake yi, ba tara ba.

Bayan haka ɗan kamfanin ya dawo shi kaɗai, da kwalin biskit. Ya cire takalmi tun daga ƙasan tsani, yana ta Inna, Inna. Na ce ban haife ka ba, faɗi abin da ya kawo ka. Ya ce su ba sa son ganin mace a gidan yari. Ya ce dogon ƙarfen sabis suke so su kafa, kuma sun auna, babu wurin da ya yi musu sai inda gidanmu yake zaune. In an ba su tudun, za su janye ƙara. Na ce ashe ƙarar taku ce, ba ta gwamnati ba? Ya ce Inna, kin cika wasa. Biskit ɗin na ba awaki.

To ga abin da ya sa na rubuto. Tudun nan da sunanka yake tun rasuwar mahaifinka. Ba mai bayar da shi sai kai. Ni na yanke shawara a ba su. Gidanmu katako ne a kan dirkoki, mahaifinka ya haɗa shi ba ƙusa ko ɗaya, ana ɗaga shi a kafaɗa yadda aka ɗaga na Haji Beddu shekarar da ka tafi. Za mu sauko da shi filin kakarka na bayan masallaci. Can akwai sauro, ruwa kuma yana kwanciya da damina, na sani. Ba ni da sauran shekaru masu yawa da sauro zai cinye.

Baffanka Daeng Massikki zai neme ka, in ma bai riga ya same ka ba. Ya zo nan yana ta huci, wai mutuncin dangi, wai ƙasar da aka binne cibiyarka a cikinta ba a ba wa baƙo, wai da ƙanensa mahaifinka yana raye da wuƙa za ta yi magana. Na ce Daeng, kai da ko kaza ba ka iya yankawa sai ka kira maƙwabci? Ya rantse ba zai sa kafaɗarsa a gidan ba, kuma zai hana 'ya'yansa. Na ce kafaɗar taka dama ba ta taɓa ɗaukar abin da ya fi buhun magana ba. Ya tafi bai sha gahawarsa ba. Gari ya rabu biyu. Wasu sun ce in muka ba da tudun, mun sayar da kowa, gobe kamfani zai sa kuɗin da ya ga dama ba mai cewa uffan. Gaskiyarsu ne. Amma ba 'yarsu ce za ta kwana a siminti ba.

Ita Nurbaya ta fi kowa fushi. Ta ce gara a ɗaure ta, a buga a jarida, duniya ta gani. Na ce wace jarida? Mai kamfanin shi ke da talabijin ɗin, shi ke da jaridar, duniyar ma ta wayarsa take gani. Tun ranar take ajiye mini abinci ta juya baya. Ta yi ta juyawa. Na fi son ganin ƙeyarta a gida da in ga fuskarta ta bayan ƙarfe.

Haji Beddu zai hau jirgi daga Parepare, shi zai ba ka wannan wasiƙar tare da takardar ba da tudun. Lauya ya duba ta, an rubuta janye ƙara a ciki, ban yarda da bakinsu ba. Ka sa hannu ka ba shi ya dawo da ita, don zaman kotu bai wuce ƙarshen watan gobe ba. Kada ka taso, kada ka bar aikinka, kada ka zo mini da zafin kai. Na riga na sa an sare gorar da za a ɗaure a ƙarƙashin gidan, tana bushewa a tsakar gida. Juma'ar farko bayan dawowar Haji Beddu, ana sallame salla za a ɗaga gidan. Zan dafa miyar kaza ga duk wanda ya sa kafaɗa. Wanda bai sa ba ya ci mutuncin dangi ya ƙoshi.

In kuma ka ƙi, ƙasarka ce, ba zan yi maka baki ba. Amma sai ka dawo ka riƙa kai wa ƙanwarka abinci a gidan yari, ni gwiwata ba ta hawa mota.

Ka gaishe da Rabiah, ka ce busasshen kifin da na ba Haji Beddu nata ne, kada ka rabar wa abokai. Ka gaishe da Tenri da Baso, su riƙe karatun Alƙur'ani. Gwaggonka Sakka tana gaishe ka. Nurbaya ba ta ce in gaishe ka ba, ni kuma ba zan yi mata ƙarya ba.

Allah Ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka,
I Cenning