Wata Shidan da Na'ura Ta Ba 'Yata Dorcas

Saratu Filibus,
Unguwar Television,
Kaduna.
6 ga Yuli, 1987.

Zuwa ga Babban Jami'in Ƙididdiga,
Shirin Ciyar da Ƙananan Yara,
Kaduna.

Yallaɓai,

Game da: cire sunan Dorcas Filibus daga cikin masu karɓar madara

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon a duba waɗannan koke-koke.

1. Ran 9 ga Yuni aka auna 'yata a asibitin unguwa. Na faɗa wa nas ran Ista na bara na haife ta, a gida. Ta ce shekarun da ke kan takardar haihuwa kaɗai ake rubutawa, ni kuma ba ni da ita, sai ta bar wurin babu komai.

2. Ran 23 ga Yuni aka ce kwamfutar ofishinku ta gwada nauyinta da shekarunta, lafiyarta ƙalau, ba ta bukatar madara. Yallaɓai, ni nake mata wanka. Haƙarƙarinta duk a waje yake.

3. Na je ofishinku. Malam Callistus, wanda ya rubuta wa na'urar umarninta, ya yi mini bayani cikin mutunci. Ya ce in ba a ba ta shekarun yaro ba, tun farko ya tsara ta ɗauka wata shida ne, don kada lissafi ya tsaya. Kuma ba ta sa wata alama a kan wanda ta yi wa zato. Ya ce ba zai iya sauyawa ba sai da izininka.

4. Dorcas ta haura wata goma sha biyar. Nauyinta na 'yar wata shida ne, shi ne ciwon, shi ne kuma na'ura ta kira lafiya. Ɗan maƙwabciyata Hajara ma a gida aka haife shi, shi ma an ce lafiyarsa ƙalau. Makon jiya muka yi zaman makokinsa.

Saboda haka ina roƙo a mayar da sunanta cikin wannan mako. A sake duba duk yaran da aka bar wurin shekarunsu babu komai. A kuma gyara umarnin, in na'ura ba ta sani ba ta tsaya a tambayi uwa.

In ana shakkar maganata, zan goyo ta in kawo ta ofishinka. Tana da haƙora, tana kirana Mama. Da tana tafiya, yanzu ta daina.

Ina jiran amsarka cikin ladabi da biyayya,

Saratu Filibus