Rabin Minti na Muryar Inna

Gadarif, daren Alhamis

Yanzu na dawo daga Mafaza, garin da Inna take. Bayana na ciwo, amma sai na rubuta wannan.

Shekaranjiya 'yata Nafisa ta bugo waya daga ƙasar da take aiki. Kumbon da suke haɗawa ya kusa tashi zuwa duniyar wata. Ta ce komai sai an auna nauyinsa, ko ƙusa ba a ƙarawa, amma akwai wani ɗan katin ajiya da bai kai farce ba, an ba kowane ma'aikaci rabin minti ya sa murya a ciki. Ita muryar kakarta take so.

Na samu Inna a kan angarib, gadonta na igiya, tana tsince riɗi. Sau biyu na yi mata bayani. Ta ce, "Rabin minti, ya waladi, ɗana? Ai ko gaisuwa ba a gama ba."

Da na kunna waya don naɗar muryarta, na ɗauka addu'a za ta yi. Sai ta gyara mayafi, ta ambaci mahaifinta, Malam Idi, da ya taso daga Haɗeja a ƙafa zai je hajji, daga shi sai buta da allo, ya rasu a bakin kogin Rahad bai ƙarasa ba. Lokaci ya ƙare tana tsakiyar magana. Na ce mu sake, ta ƙi.

Da zan tafi ta riƙe hannuna. "Abin nan zai bi ta saman Makka?"

Na kira Nafisa. Ta ce zai zaga duniya kafin ya wuce, amma ba ta da tabbas. Haka na faɗa wa Inna.

Ta ce, "Ya isa. Shi ma Baba ba da tabbas ya taso ba."